Akurugu, Masaƙin da Gara Ta Ƙi Cin Kwandonsa

Akurugu mijin yayata ne, kuma tun ranar da ya koro shanun aurenta zuwa gidanmu nake tsokanarsa, saboda haka ba wanda zai hana ni faɗin gaskiya a kansa yanzu da gemunsa ya yi fari. Masaƙin kwando ne, kamar kusan kowa a ƙauyenmu Sherigu. Sai dai kowa saƙa yake don ya kai kasuwar Bolga ya sayo gishiri da daddawa, shi kuwa saƙa yake kamar wanda ke gaba da gara. Abu ɗaya ya ɗora wa ransa tun yana saurayi: kada a taɓa cewa ga abin da ya fito daga hannun Akurugu ya lalace. Ba shi da gonar a zo a gani, ba shi da murya, in ya shiga filin rawa yara darewa suke. Wannan suna shi ne duk abin da ya mallaka, kuma yana riƙe da shi hannu biyu.

Yadda yake aikinsa ba ɓoyayye ba ne. Yayata Lariba ce ke tsaga masa ciyawa da haƙori, ta murza a cinya har ta zama igiya siririya. Shi kuma sai ya samo tsohon buhun taki, ya zare zaren ledarsa, ya cusa a cikin kowane sili kafin ya saƙa. In ya gama ya shafe kwandon da man darbejiya. Mako guda ba mai iya kusantarsa don wari, daga nan kuma sai ya zauna a duniya kamar dutse.

Matsalar ita ce, wanda ya sayi kwandon Akurugu ba ya dawowa. Me zai dawo yi?

"Baban Nsoh," haka Lariba ke ce masa, "mai sayen kayanka sau ɗaya yake zuwa a rayuwarsa, sai kuma ya bar wa jikoki gado. Mu me za mu ci, yabo?"

"Ke ba ki san daraja ba ne."

"Na sani mana. Jiya na zuba ta a miya, ba ta yi kauri ba."

Ko a jikinsa. In rani ya yi ya rasa abin yi, sai ya ɗauki sandarsa ya bi gida-gida yana duba kwandunan da ya sayar, kamar uban da ke zagayen 'ya'yansa mata a gidajen aure. Ya ɗaga, ya latsa gindi, ya tambayi matar gida ko ana kula da shi. Akwai wadda ya yi wa faɗa don ta bar nata a rana.

Maƙwabcinsa Ayamga kuwa, wanda tare suka yi kiwon shanu suna yara, shi ne kishiyarsa a komai. Saƙar Ayamga sako-sako ce, hira yake yana yi, rabin hankalinsa na kan hanya. Akurugu kan ce in ka sa zabo a kwandon Ayamga, ta gefe zai fita ba tare da gashinsa ya motsa ba. Ayamga sai ya yi dariya ya ce ai shi ya sa masu sayensa ba sa mantawa da hanyar gidansa. Ni nake dafa burkutun unguwar, a ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gidana suke zama, don haka wannan zagi na sha shi har na haddace. Kullum suna faɗa, kullum ƙwarya ɗaya suke miƙa wa juna.

Haka suka tsufa, har ranar da Nyaaba, sakataren ƙungiyar masaƙanmu, ya zo a babur ɗauke da wata Baturiyar Holan mai suna Femke. Mun san ta, ta daɗe tana sayen kwandunan cefane a hannunmu. Wannan karon da wata magana ta zo. Ta ce a ƙasarsu mutane da yawa sun fara ƙin in sun mutu a sa su a akwatin katako mai fenti da hannayen ƙarfe, sun kuma fara ƙin a ƙone su, don hayaƙin na ɓata iska. Abin da suke so shi ne a kwantar da mutum cikin abin da zai ruɓe tare da shi, ya koma ƙasa, ciyawa da itace su ci moriya. Shin za mu iya saƙa kwando mai tsawon mutum, da murfi?

Nyaaba ya fassara mana. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "To ashe tabarmar da 'ya'yanmu ke jin kunyar a naɗe mu a ciki, ita ce Turawa suka hau jirgi suka zo nema?" Aka kwashe da dariya, Femke ma ta yi, ko da yake ba ta san me aka ce ba.

Aka shirya cewa mutum biyu su saƙa na gwaji. Za a binne kwandunan kafin damina, in Femke ta dawo bayan girbi a tono a gani. Akurugu ya miƙe tun ba a kira shi ba. Ayamga kuwa an zaɓe shi ne don shi kaɗai bai gudu ba, barci ya ɗauke shi a kan benci.

Nyaaba ya san halin mutuminsa, don haka ya ja shi gefe. "Baba, ka ji sharaɗin. Ciyawa zalla. Ba leda, ba rini, ba mai. So take ya ruɓe."

"Na ji."

"Ya ruɓe fa, Baba. Ya lalace. Ya zama ƙasa."

"Yaro, tun ba a haifi uwarka ba nake jin magana."

Da yamma ya zo wurina, ya karɓi ƙwaryarsa, ya dube ni da murmushin wanda ya gano abin da ya shige wa kowa duhu.

"Teni, kin taɓa ganin ɗan halak da ke son gara ta ci ubansa?"

"Matar nan ta faɗi abin da take so da bakinta."

"Kunya ce. Baƙuwa ce, ba ta so ta ɗora mana wahala. Ke in mace ta zo ta ce ki zuba mata rabin ƙwarya, rabin kike zubawa? Ba kya yi mata gyara?"

"Burkutu daban, gawa daban, mijin yaya."

"Gyara gyara ce. Wanda ya zo daga nesa ba a ba shi daidai abin da ya roƙa. A ce ta koma ƙasarsu ta ce mutanen Sherigu marowata ne?"

Na ce masa kansa ya fi gindin turmi tauri. Ya ce ya gode.

Ya yi gyara kuwa, irin wadda ba a taɓa yi ba. Duk buhun takin da ke unguwar sai da ya bi ya kwashe. Sili biyu na leda ya sa inda ya saba sa ɗaya, ya lulluɓe su da ciyawa yadda ko mai idon shaho ba zai gani ba. Man darbejiya kuwa har sai da kajin gidan suka ƙaura. Da ya gama, ya nemi wanda zai kwanta a ciki a gwada tsawo, kowa ya tuna yana da aiki a gona. Dole ya shiga da kansa. Yana miƙe ƙafa Ayamga ya jawo murfin ya rufe, ya hau kai ya zauna, ya ci gaba da shan abinsa.

"Buɗe, ɗan banza!"

"Wa ke magana? Na ji kamar muryar marigayi."

"Ayamga, numfashi!"

"Ka gani? Da nawa ne, da yanzu iska na shiga ta ko'ina."

Sai da Lariba ta fito da muciya sannan ya sauka.

Aka haƙa ramuka biyu a bayan gidan Nyaaba, dab da wani ƙaton suri, don gara ta samu hanya kusa. Ni na ba da dusar burkutu aka cika kwandunan don su yi nauyi. Aka rufe. Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar, kuma duk safiya sai ka ga Akurugu tsaye a wurin, hannu a baya, yana hararar surin.

Bayan an yanke gero Femke ta dawo, rabin gari ya bi ta bayan gidan Nyaaba. Aka fara da ramin Ayamga. Samari suka yi ta haƙa, ba kwando ba alamarsa, sai baƙar ƙasa mai laushi, da tana, da 'yan guntayen ciyawa da ke marmashewa a hannu. Akurugu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Jama'a ku zo ku ga abin kunya! Damina ɗaya! Ayamga, in ni ne kai, yau zan bar garin nan."

Bai lura da Femke ba. Ta durƙusa a bakin ramin, ta ɗebo ƙasar da hannu biyu, ta shinshina, ta rufe ido kamar mai addu'a. Sannan ta tashi ta kama hannun Ayamga ta yi ta girgizawa. Shi kansa Ayamga waige-waige yake, yana zaton da wani take.

Aka koma ramin Akurugu. Fatanya ta daki wani abu ta yi tsalle. Aka sa igiya aka jawo shi, aka watsa masa bokitin ruwa, sai ga kwando na sheƙi kamar jiya aka gama shi. Gara ta zo, ga hanyarta nan a fili, amma da ta iso sai ta yi kwana ta zagaye shi ta wuce. Akurugu ya gyara hularsa, ya turo ƙirji, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa kamar haka ba.

Femke ta sa farce ta tsaga sili ɗaya, ta jawo farin zare, ta yi ta ja, zaren na biyo ta. Nyaaba ya zauna a ƙasa dirshan, ya dafe kai.

Ta yi magana a hankali, cikin ladabi. Akurugu ya ce, "Me ta ce? Faɗa da ƙarfi kowa ya ji."

"Ta ce aiki ne mai kyau ƙwarai, Baba."

"Ato."

"Ta ce ko ƙasarsu ta nutse a teku, wannan zai taso ya yi iyo. Ta ce ba za ta iya saye ba."

Daga ranar duniya ta juya wa Akurugu baya. Aikin ya koma hannun Ayamga. Mutumin da aka yi shekara da shekaru ana yi wa dariya, shi ne yanzu ƙungiya ta sa ya koya wa matasa saƙa. Ya sayi tabarau, ba don idonsa na ciwo ba. In ya zo ƙarƙashin ɗorawa sai ya ce, "Ku matsa wa gwanin ruɓewa." Akurugu ya ɗauki kwandonsa ya kai gida, ya mai da shi rumbun gyaɗa, ɓeraye suka yi ta karya haƙora a jikinsa. Ya daina zuwa wurina. In na aika masa da ƙwarya sai ya ce a gaya mini shi ba ya zama inda ake yaba wa lalaci. Amma ko sau ɗaya bai ce ya yi kuskure ba. A ganinsa ya ci gwajin, alƙalan ne ba su da hankali.

Ana haka ciwo ya kama Lariba. Ba zan tsaya bayaninsa ba, har yau ba na son tunawa. An kai ta asibitin Bolga, an dawo da ita, kuma duk wanda ya ga yadda aka dawo da ita ya san me ake jira. Ita ta goya ni, ita ta koya mini dafa burkutu, ita ta raka ni ɗakin miji. Ina zaune kusa da ita ina yi mata fifita, zuciyata kamar ana murza ta.

Wata rana da hantsi ta ce in kira mata mijinta. Ya shigo ya tsuguna a bakin tabarma.

"Baban Nsoh, ɗanka zai taho daga Kumasi da akwati mai gilashi da farin yadi mai santsi. Na san shi. Ba na so. Ban taɓa kwana a kan irin wannan ba, ba zan fara a kabari ba. Ciyawa nake so. Ita ta cinye mini haƙora, ita za ta rufe ni."

Idonsa ya kawo ruwa, amma na ga kafaɗarsa ta ɗaga. "An gama. Gobe zan kwashe gyaɗar."

"Ni gyaɗa ce?"

Kafin ya buɗe baki ta ci gaba.

"Ba na son a ajiye ni. Uwarmu a tabarma aka naɗe ta, ta daɗe da komawa ƙasa, can nake so in same ta. Ka sa ni cikin wancan abin naka, in zauna ni kaɗai a kulle har ranar tashi, ko tana ba ta leƙo ta gaishe ni ba? Ka saƙa mini wanda zai sake ni. In hannunka ba zai iya ba, ba laifi, ka je ka ce Ayamga ya yi."

Na ga maganar ta shige shi kamar ƙaya. Abu biyu ne a gabansa, kuma duka biyun sun fi ƙarfinsa: ko ya yi da hannunsa abin da zai lalace, ko wani namiji ya saƙa wa matarsa makwancinta na ƙarshe. Ya tashi ya fita. Na leƙa ta ƙofa, na gan shi tsaye a tsakar gida ya daɗe, sannan ya tsallaka katanga ya nufi gidan Ayamga.

Ayamga bai yi masa dariya ba, wannan na ba shi. To amma koyarwar ita kanta abin kallo ce.

"Saki hannunka. A'a, saki. Kana saƙa ne ko kana shaƙe ɓarawo?"

"Na saki!"

"Wannan ne sakin? Daina kallon aikin. Kalli hanya. Tuna wani abu daban, tuna matar da ta ƙi ka kana saurayi."

"Ba wadda ta taɓa ƙi na."

"To tuna ƙaryar da ka yi yanzu. Teni, ba shi ƙwarya guda, ko hannun zai yi laushi."

A banza. Da zarar ya shagala sai yatsun su koma halinsu, su ja, su matse. Ya dawo da aikin ƙofar ɗakin Lariba, ita kuma tana kwance ido rufe take kama shi, don ta san ƙarar ciyawa in an ja ta fiye da kima. Sai ka ji siririyar murya daga ciki: "Baban Nsoh, na ji ka." Ya yi tsaki ya warware. Ni aka ba aikin ɗan sanda. Na kwashe duk buhunan gidan na kai nawa, na ɓoye kwalbar man darbejiya. Duk da haka sai da na kama shi da ɗan ƙullin zaren leda a cikin hularsa.

"A kusurwa kawai zan sa, Teni. Kusurwa ɗaya. Wajen kai."

"Kawo."

"Ba ki da imani."

"Kawo, ko in gaya mata."

Ya miƙo kamar ana cire masa haƙori. Ni na riƙa tsaga masa ciyawar ina murzawa, ba ta yi kyan ta Lariba ba, ya kuma gaya mini hakan. Rannan Lariba ta ce a miƙo mata 'yan silin ciyawa, ta murza su a cinyarta da ta zama ƙashi, ta gaji kafin ta gama. Ya karɓa ya saƙa su a wajen kan.

Da ya kammala, kwandon ya fito fari, mara nauyi, rana na ratsa shi ta ko'ina. Ya tsaya yana kallonsa kamar an kawo masa ɗan da ba nasa ba. Aka shigar mata da shi ta shafa, ta cusa yatsa ta gefe, yatsan ya wuce. Ta ce, "Yawwa. Ashe ka iya."

Ta rasu ana gab da shuka. Nsoh ya iso da akwatinsa ɗaure a saman mota, mai gilashi, mai hannayen zinariyar ƙarya, ya ce ba za a sa uwarsa a kwandon tumatir mutane su zage shi ba. Na tuna masa cewa gawar mace dangin ubanta ke da magana a kanta, kuma yau ni ce bakinsu. Ya yi kuka, ya yi fushi, ya haƙura. Ana cikin haka Ayamga ya zagayo yana shafa gilashin, ya ce a hankali, "Ɗana, in ba a da abin yi da shi, a ajiye mini. Ni ba zan shiga ciyawa ba, na san aikina." Har masu kuka sai da suka yi dariya.

Aka binne ta a bayan gida. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noma. Akurugu bai ƙara taɓa ciyawa ba, bai kuma dawo ƙarƙashin ɗorawa ba.

Wata safiya, gero ya fara fitar da kai, na je kai masa koko ban same shi a ɗaki ba. Na zagaya baya. Yana durƙushe a gaban kabarin, da kwanon ƙasa a gefensa. Tudun da aka tara ya lotsa, tsakiyarsa ta faɗa ciki kamar an danna da tafin hannu. Duk wanda ya taɓa binne nasa ya san ma'anar wannan: abin da ke ƙasa ya saki. Akwatin katako kan yi shekaru kafin ya kai haka.

Na zo da tsokana a bakina, don ita kaɗai na iya yi masa. Amma tsokanar ta ƙi fita.

"Teni," ya ce, bai juyo ba. "Ya lotsa."

"Na gani, mijin yaya."

"Damina ko ƙarewa ba ta yi ba. Ya riga na Ayamga." Ya yi wata 'yar dariya, hawaye na bin gemunsa. "Ta tafi. Ban riƙe ta ba."

Na ajiye kokon na durƙusa kusa da shi. Na ce ba wanda zai ji daga bakina, mu cike wurin tun mutane ba su fito ba.

Ya girgiza kai. "A'a. In sun taru da yamma, ki faɗa musu a gaban Ayamga. Ki ce aikin Akurugu ya lalace. Ki faɗa da ƙarfi, kuma ki ajiye mini ƙwaryata."

Sannan ya sa hannu cikin kwanon, ya fara zuba ƙasar a hankali yana lallaɓa ta da tafinsa, bai danna ba.